Kafin Ka Ƙaro Kare Na Biyu A Gidanka

A sababbin unguwannin bayan gari, inda gidaje ba su gama haɗewa ba, mai kare ɗaya yakan ƙaro na biyu don su taya juna gadi. Niyyar mai kyau ce, amma na ga yadda take ƙarewa a gidan wani maƙwabcina. Ya kawo kwikwiyo ya sake shi a tsakar gida, ya zuba musu ragowar tuwo da ƙashi a kasko ɗaya shi da tsohon karen. Babban ya sandare, ya ɗage leɓe yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ƙaramin bai gane gargaɗin ba, ya kai baki. Kafin ka ce kwabo kunnensa ya tsage. Aka ɗauko sanda aka lakaɗa wa babban duka, alhali laifin na wanda ya ajiye kaskon ne.

Yawancin faɗan karnukan gida ɗaya a kan abinci yake tashi, sai makwanci, sai kishin mai gida. Kowane ya samu kaskonsa nesa da na ɗan'uwansa, a kwashe da zarar sun gama. Ƙashi kuwa, in ba a rabe suke ba, gara a haƙura da shi. Haɗuwar farko ma kada ta kasance cikin gida, domin tsohon yana ganin wurin nasa ne. A fita da su waje, kowane da igiyarsa da mai riƙe shi, a yi ɗan tattaki gefe da gefe har su shinshini juna ba tare da an tilasta musu ba.

Inda muka fi yin sake shi ne ƙuruciyar kare. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo ke tantance abin tsoro da abin sabo, kuma abin da ya shiga kansa a lokacin yana da wuyar fita. Shi ya sa ba a so a raba shi da uwarsa kafin mako 8: a wasa da 'yan'uwansa yake koyon cewa cizo da ƙarfi yana ɓata wasa. Bayan nan ya ga yara, ya ga awaki da kaji, ya ji ƙarar babur da ta injin niƙa, ya saba da mai babbar riga da mai hijabi, duk a hankali. Mu kuwa sai mu kulle shi a keji ko mu ɗaure shi da sarƙa wuni guda, wai don ya yi zafi. Abin da ake samu matsoracin kare ne, wanda ba ya bambanta ɓarawo da almajirin da ya zo karɓar sadaka. Wannan zalunci ne ga dabbar, haɗari ne ga unguwa.

Horo kuma ɗaya bayan ɗaya ake yin sa. In ka tara su kana kira, junansu za su kalla, musamman 'yan ciki ɗaya. Ware kowane na minti 5 zuwa 10 kullum, ka koya masa sunansa da kalmomi kaɗan: zo, zauna, bari. Da ya yi daidai ka miƙa masa ɗan guntun nama nan take, domin ladan da ya makara kare ba ya sanin na mene ne. Sai kowane ya iya shi kaɗai sannan a gwada su tare. Mafarautanmu sun daɗe da sanin ba a kiwon kare ranar farauta, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka horar.

Kada a doki kare don ya yi gurnani. Sanarwa ce yake yi, in ka hana shi ita, gobe cizo zai kai ba sallama. In faɗa ya kaure, kada ka sa hannu tsakani. Watsa musu ruwa ko ka raba su da faifan katako. Ƙaramin yaro kuwa ba a barin sa da karnuka shi kaɗai, komai sabo.

Ga kuma allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa rigakafinsa, ana kuma fara yi wa kwikwiyo daga wata 3. Mai karnuka biyu ya kai su duka biyun wurin likitan dabbobi, ya adana katin. In aka ciji mutum, ko da karen gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar.