Musk, Jobs da Zuckerberg: Shin Sun Cancanci Yabon da Matasa Ke Yi Musu?

Yaron da a da ba shi da hira sai ta 'yan ƙwallo, yau sai a ji shi yana zuba labarin Elon Musk: yadda ya baro Afirka ta Kudu yana matashi, yadda rokokinsa ke tashi su dawo su sauka a tsaye, da yawan dukiyarsa. Mabiyan Musk a dandalin X, wanda mallakarsa ne, sun haura miliyan 200. A bayansa akwai Steve Jobs na Apple, wanda ya rasu tun 2011 amma gutsattsarin jawabansa ba su daina yawo a wayoyi ba, sai Mark Zuckerberg mai Facebook da Bill Gates na Microsoft. Labarin da matasa suka haddace a kansu kusan guda ne: haziƙin yaro ya yi watsi da makaranta, ya fara daga gareji, ya girgiza duniya shi kaɗai.

Aiki kam sun yi. A watan Disambar 2015 kamfanin SpaceX na Musk ya dawo da gangar rokar Falcon 9 ƙasa lafiya bayan ta kai kaya sararin samaniya, abin da ya karya tsadar harba tauraron ɗan'adam. Intanet ɗinsa na Starlink ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Gidauniyar Gates kuwa, tare da ta Ɗangote, ta zuba kuɗi a yaƙi da shan inna a Arewa, har aka tabbatar a Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Inda labarin ya gurgunce shi ne batun kaɗaici. Ba Musk ne ya kafa Tesla ba. Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka buɗe shi a 2003, shi kuma ya shigo da jarinsa a 2004. A 2008, bayan rokar SpaceX ta faɗi sau uku kuma aljihu ya kusa ƙarewa, kwangilar dala biliyan 1.6 daga hukumar NASA ce ta tsayar da kamfanin da ƙafafunsa. Tesla ma ya ci bashin dala miliyan 465 daga gwamnatin Amurka. Kwamfutocin Apple na farko Steve Wozniak ne ya tsara su. Gates ya fara taɓa kwamfuta a 1968 a Lakeside, makarantar 'ya'yan masu hali, a zamanin da yawancin yaran Amurka ba su taɓa ganinta ba. Jami'ar da shi da Zuckerberg suka bari kuwa Harvard ce, wadda ba a shiga sai da karatu tuƙuru, shi ko Musk sai da ya kammala digirinsa a Jami'ar Pennsylvania. A Nijeriya, ƙasar da yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa aji, gaya wa ɗan sakandare cewa manya barin makaranta suka yi zalunci ne.

Wannan tatsuniya ta yi ɓarna ko a Amurka. Elizabeth Holmes ta bar Stanford tana da shekara 19, ta riƙa sa baƙar riga irin ta Jobs, ta ce na'urar kamfaninta Theranos za ta yi gwaje-gwaje barkatai da 'yan ɗigon jini. Aka yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 9, mujallu suka cika bangonsu da hotonta. Na'urar ba ta iya abin da aka ce ba, kuma a 2022 kotu ta yanke mata ɗaurin sama da shekara 11 kan damfarar masu zuba jari.

Ma'aunin da ya fi dacewa da matashi shi ne abin da hajar gwaninsa ke yi wa sa'anninsa, kuma a nan ne Zuckerberg ke da tambayar amsawa. A 2021 tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san manhajarsa ta Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar surar jikinsu, amma ya ja bakinsa. A Janairun 2024, a gaban Majalisar Dattawan Amurka, sai da Zuckerberg ya miƙe ya juya ya ba iyayen da 'ya'yansu suka cutu haƙuri. Watanni shida bayan haka hukumar kare masu sayayya ta Nijeriya ta ci kamfaninsa Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan jama'a. Shi kansa Jobs ya shaida wa wani ɗan jaridar New York Times a 2010 cewa 'ya'yansa ba su yi amfani da iPad ba, domin ana taƙaita musu na'urori a gida.

Musk ma yana da nasa tabon. Da ya sayi Twitter, wato X na yanzu, kan dala biliyan 44 a 2022, ya kori kusan rabin ma'aikata cikin kwanaki, har da na ofishin Accra, waɗanda suka shafe fiye da shekara suna bin haƙƙin sallamarsu. Su Musk, Jobs da Zuckerberg sun cancanci a jinjina wa himmarsu da juriyarsu, amma ba su kai a ɗauke su madubin hali ba.

Akwai waɗanda suka fi su cancanta, sai dai ba su da masu yi musu kirari. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar CERN a 1989, kuma a 1993 aka sake shi kyauta ga kowa. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fara Linux a 1991, kuma a kansa aka gina Android ɗin da ke cikin Tecno da Infinix na hannun matasanmu. Ya kamata malaman kwamfuta da iyaye su riƙa ambaton waɗannan sunaye, su kuma gaya wa yara sarai cewa dukansu biyun sun kammala jami'a.