Ɗan Jami'a Mai Son Komawa Neman NDA

Duk shekara idan Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, ta fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka, gidajen da ake murna ba su kai gidajen da ake jimami yawa ba. Dalili kuwa shi ne ana raba guraben ne tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowace jiha kuma rabonta bai taka kara ya karya ba. Da yawa daga yaran da ba su dace ba sukan karɓi gurbi a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha su fara karatu. Amma kafin shekara ta zagayo, sai yaro ya dawo gida hutu ya ce wa iyayensa shi fa har yanzu zuciyarsa tana kan kaki, zai sake nema. A nan ne gardama takan tashi a gida.

Abu na farko da ya kamata uba da ɗa su sani shi ne NDA ba ta lissafa karatun da aka yi a wani wuri. Ko yaro ya kai aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jos, in aka ɗauke shi daga ajin farko zai soma, a aske masa kai tare da wanda ya fito sakandare jiya, ya kuma sara wa na gaba da shi ko da ƙaninsa ne a haihuwa. Mai shiga sojan ƙasa zai yi shekara biyar, huɗu na karatun digiri tare da horo, ta biyar kuwa horon soja zalla, kafin a maƙala masa anini ɗaya a kafaɗa. An kafa makarantar a 1964, ta fara karatun digiri a 1985, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan mata a 2011. Saboda haka maganar nan ta shafi 'ya'yanmu mata ma.

Hanyar shiga ma sabuwa za a bi. Sai ya sake rubuta jarrabawar JAMB ya sa NDA a zaɓi na farko, ya cika takardar makarantar, ya zauna jarrabawar tantancewa tata, sa'an nan in ya haye a kira shi gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, inda likitoci za su duba shi daga kai har ƙafa, a gwada gudunsa da ƙarfinsa, a yi masa tambayoyi baki da baki. Cin wani mataki bara ba ya ɗauke masa shi bana.

Sai batun shekaru, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. A shekarun baya an daɗe ana tsayar da iyaka tsakanin 17 da 21, amma kowace shekara akan bayyana ƙa'idar a cikin sanarwar ɗaukar ɗalibai, don haka a karanta ta da kyau. Wanda ya gama sakandare yana da 19 ya ga ke nan damarsa ƙidayayya ce. To, a nan ne jaraba take shigowa. Mu da ke riƙe da littafin baftisma a ikkilisiya mun san irin ziyarar da akan kawo mana da yamma, a yi doguwar gaisuwa, a ƙarshe a ce ko za a taimaka a "gyara" shekarar haihuwa. Wannan ba taimako ba ne. Ranar haihuwar yaro tana nan a takardar WAEC, tana wurin JAMB, tana cikin lambar shaidar ɗan ƙasa, yanzu kuma ga ta a fayil ɗin jami'a. Ran da aka haɗa takardun aka ga sun saɓa, kora ce, ko da ya yi shekara uku a Afaka. Ga jami'ar an bari, ga kakin an tuɓe.

A ganina, yaron da shekarunsa ba su wuce ba, wanda kuma ba likita ne ya mayar da shi ba, bai kamata a hana shi sake gwadawa ba. Amma a tambaye shi a ina ya faɗi. In a jarrabawa ne, shekara guda ta lissafi da Turanci a jami'a riba ce gare shi. In a gudu ne, filin wasa yana nan kowace asuba. In kuwa tsawo ne bai kai ba, ko ido, ko wani ciwo da ba ya warkewa, gara a gaya masa gaskiya tun kuɗin fom da na mota ba su sake tafiya ba.

Wannan hali ba a ƙasarmu kaɗai ake shiga shi ba. A Amurka ma wanda ya fito daga jami'a ya shiga makarantar hafsoshi daga ƙasa yake farawa, ya yi shekara huɗu cif. Jimmy Carter, wanda ya mulki Amurka daga 1977 zuwa 1981, tun yana yaro burinsa makarantar sojan ruwa ta Annapolis. Da ya gama sakandare a 1941 bai sami shiga ba, sai ya yi karatu a kwalejoji biyu a jiharsu ta Jojiya, ya ƙarfafa lissafinsa, aka ɗauke shi a 1943, ya fita a 1946. Abin lura shi ne bai zauna gida yana jira ba.

Kuskuren da ya fi yawa a wurin yaranmu ke nan: da zarar an sayi fom sai a saki karatu, a daina shiga aji, wai ai tafiya za a yi. Wani ma da ya ga sunansa cikin jerin 'yan jiran tsammani sai ya kwashe kayansa daga ɗakin kwana. Jerin jira ba ɗauka ba ne. Kada a saki reshe a kama ganye. A biya kuɗin zango, a rubuta jarrabawar jami'a da gaske, har sai takardar kira ta zo hannu.

A kuma bincika dalilin yaron. Waɗansu ba soja suke so ba, gajiya suka yi da yajin aikin malamai, irin na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, ko kuwa suna hangen karatu kyauta da albashi tabbatacce. Waɗannan dalilai ba abin raini ba ne a gidan talaka, amma ba za su riƙe mutum ba ran da aka tura shi Borno ko dajin Zamfara. Harin da 'yan bindiga suka kai Afaka a watan Agusta na 2021, inda suka kashe hafsoshi biyu suka sace ɗaya, ya nuna haɗarin yakan iso har cikin makarantar.

Wanda shekaru suka rufe wa ƙofa kuwa, ya gama digirinsa. Rundunonin ƙasa da ruwa da sama sukan ɗauki masu digiri, irin su likitoci, injiniyoyi, lauyoyi da malamai, a ba su horon watanni su fito hafsoshi. Sai dai a sani, manyan kujerun jagorancin mayaƙa galibi na waɗanda suka bi doguwar hanyar NDA ne, shi kuwa mai digiri yawanci a fannin da ya karanta zai yi aiki.