Gasasshiyar Taliyar Mutanen Italiya

Ɗalibai, kun san taliya da makaroni. A ƙasar Hausa akan dafa taliya a ci da miya, ko da manja da yaji. To, a Italiya akwai wani girki da ake dafa taliya har sau biyu: a fara tafasa ta a ruwa, sannan a gasa ta a tanderu. Da harshensu suna kiransa pasta al forno, wato taliyar tanderu.

Wannan abinci ne na ranar Lahadi da ranakun biki, lokacin da 'ya'ya da jikoki kan taru a ci abinci tare. Kowane yanki da irin nasa. A birnin Bolonya ana jera faifan taliya masu faɗi hawa-hawa, da miyar nama da farar miya a tsakaninsu. A Napoli akan ƙara ƙananan dunƙulen nama da dafaffen ƙwai. Mutanen Palermo kuwa, a tsibirin Sisili, taliya mai kama da ƙananan zobba suke gasawa.

Idan za ku girka wa mutum shida, ku tanadi makaroni giram 500, niƙaƙƙen nama giram 500, tumatir, albasa, karas, man zaitun, madara rabin lita, bota giram 50, fulawa giram 50 da cuku giram 200.

Da farko ku soya albasa da karas, ku zuba nama ya soyu, sannan ku zuba tumatir da gishiri. Ku rage wuta, ku bar miyar ta dahu a hankali na aƙalla awa ɗaya. Farar miya kuma ga yadda ake yin ta: a narkar da bota, a zuba fulawa a juya, sannan a riƙa zuba madara kaɗan-kaɗan ana motsawa har ta yi kauri kamar kunu.

Yanzu ku kula sosai, domin a nan ne girkin yakan gyaru ko ya lalace. Kada ku bar makaroni ya nuna sarai a cikin ruwa. Ku sauke shi saura minti 3 ya nuna, yana da ɗan tauri a baki. Dalili shi ne, idan ya shiga tanderu zai ci gaba da dahuwa yana shan ruwan miya. Wanda ya riga ya nuna tun a tukunya sai ya caɓe, an yi hasarar nama da cuku ke nan. Haka kuma kada miyar ta bushe, don makaronin ya sami abin sha.

Ku shafa mai a faranti mai zurfi wanda ke jure wuta. Ku shimfiɗa miya, ku zuba makaroni, ku bi shi da farar miya da cuku. Ku maimaita haka har faranti ya cika, cuku ya zama na ƙarshe. A gasa a zafin digiri 190 na minti 25 zuwa 30, har samansa ya yi ja.

Da an fitar da shi, kada a yi gaggawar yankawa. A ba shi minti 10 ya huta, don ya kama jikinsa ya yanku da kyau. Sannan a kai farantin tsakiyar teburi, a raba wa kowa.

Sababbin Kalmomi
Tanderu: murhun gasa burodi ko gurasa.
Cuku: abinci mai ƙarfi da ake yi da madara.
Caɓe: yin laushi fiye da kima.

Tambayoyi
1. Sau nawa ake dafa wannan taliya?
2. Me ya sa ba a barin makaroni ya nuna sarai a ruwa?
3. Ku bayyana yadda ake yin farar miya.