Tsakanin Ruwa da Hawaye

A ilimin ma'ana akwai kalmomin da kan goya wasu. Wato a sami kalma ɗaya mai faɗin ma'ana, sannan a ƙarƙashinta akwai wasu masu keɓantacciyar ma'ana. Kalmar ruwa tana daga cikin masu goyon. Ban da wanda ake sha, Bahaushe kan kira abubuwa da dama da ke fita daga jikinsa ruwa, alhali kowanne na da sunansa: hawaye, gumi ko zufa, yawu, mugunya da sauransu.

Dangantakar ba ta juyuwa. Duk hawaye ruwa ne, amma ba duk ruwa ne hawaye ba. Idan a ƙasar Katagum, inda ake Guddiranci, wata tsohuwa ta ce wa jikanta, "Me ya sami idonka yake ruwa?", mai yiwuwa hayaƙin murhu ne ko ciwon ido. Da ta ce "hawaye", da hankalin mai sauraro ya fi tafiya ga kuka. Haka kuma in aka ce ƙurji ya ja ruwa, kowa ya san mugunya ake nufi. Ashe abin da aka ambata tare da ruwa, ido ne ko ƙurji, shi ke taƙaita ma'anarsa.

Sai dai a nan ne ɗalibin fassara kan yi tuntuɓe. Tunda ruwan nono shi ne abin da jariri ke sha, sai ya zaci ruwan ido hawaye ne. Ina! Mai ruwan ido shi ne wanda ya shiga kasuwar Azare sayen atamfa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗauki waccan, har yamma bai zaɓa ba. Harɗaɗɗiyar kalma ce da ta bar jiki tuntuni ta koma fagen ɗabi'a.

Jini kuwa, a ganina, ya ƙi goyuwa. Yana gudana, yana zuba, amma ba a ce masa ruwa. A asibiti ƙarin ruwa daban, ƙarin jini daban. Na farko ana yi wa wanda amai da gudawa suka ƙarar masa da ruwan jiki. Na biyu kuwa sai an gwada rukunin jini, sau da yawa har a nemo ɗan'uwan da zai bayar. Tafintan da ya haɗa su wuri ɗaya yana iya sa dangin majiyyaci su zauna jiran ledar ruwa, alhali mai ba da jini ake nema.