Minti Biyun Farko: Yadda Ake Tsara Mabuɗin Fim ɗin Bincike

Idan malamin aikin jarida ya raba ɗalibai rukuni-rukuni ya ce kowane rukuni ya kawo mabuɗin fim ɗin bincike na minti biyu, abin da ake fara musu a kai shi ne wa zai fito a jarumi, kuma wayar wa ta fi kyamara mai kyau. Labarin kuwa sai ana gobe za a miƙa aiki. To, nan ake fara zubar da maki. Mabuɗi aiki ɗaya gare shi: ya dasa tambaya a ran mai kallo, ya bar shi yana ƙaiƙayin jin amsa. Duk wata dabara ta kyamara, haske ko sauti, wannan tambayar take yi wa hidima.

Tambaya ɗaya tak

Fim ɗin bincike ƙanin kacici-kacici ne. Mai kacici-kacici yakan siffanta abu gaba ɗaya, ba ya ƙarya, amma ba ya faɗin sunansa. Da an ba shi gari ya faɗi amsa, sai kowa ya ce, "Kai! Ai kuwa haka ne." Wannan "ai kuwa" ɗin ake nema a ƙarshen fim, kuma tun a mabuɗi ake shuka ta.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a ɓoye mai laifi, mai kallo ya yi ta zargin wannan da wancan, kamar a littattafan Agatha Christie ta Ingila. Ta biyu, a nuna mai laifin ƙarara, tambayar ta koma: za a kama shi ko zai sha? Duk wanda ya kalli Drishyam na Ajay Devgn, wanda ya fito a 2015, ya san wannan salon. Mun ga abin da iyalin suka yi da idonmu, amma hankalinmu bai kwanta ba har ƙarshe. Alfred Hitchcock ya taɓa bayyana dalili da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In ya tashi ba zato, an razana mai kallo na ɗan lokaci kaɗan. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, mutane na ta hira a kan teburin ba su sani ba, to zai yi mintuna zuciyarsa na dukan uku-uku.

Ku zaɓi ɗaya, ku rubuta tambayarku a jimla guda. In ta ƙi shiga jimla guda, labarin bai nuna ba tukuna.

Labarin yana bakin ƙofa

Ba dole sai an kashe wani ba. Gawa da jini da bindiga sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi, kuma in ba a iya ba dariya suke bayarwa. Mu da ke Rano ba mu rasa abin ɗauka ba: ga duwatsu, ga lungunan cikin gari, ga rumbuna da gonaki a hanyar Kibiya da Rurum. Garin Autan Bawo, ɗaya daga Hausa Bakwai, bai kamata ya ari titin Legas ba.

Ga misali da za mu yi aiki da shi. Bayan kaka, wani manomi a ƙauyen Kibiya ya tara masara a sito. Da safe ya zo, kwaɗo na nan a kulle, ba a fasa bango ba, amma buhu biyar babu. Tambaya: wa ya kwashe masarar ba tare da ya karya kwaɗo ba? Waɗanda ake zargi uku ne: mai gadi, ɗan mai siton, da direban a-kori-kurar da ya kawo kayan. Uku sun isa. Mutum biyu, mai kallo zai canka da wuri. Biyar kuwa ba za su shiga minti biyu ba.

Sai alamu. Ku shuka ta gaskiya guda ɗaya, ta yaudara guda ɗaya. Ta yaudara: mai gadi sanye da sabon takalmi, sai kauda kai yake. Ta gaskiya: ƙurar hunturu ta lulluɓe ƙofa da dakali da komai, amma kwaɗon fes yake, har da ɗan maiƙo a bakinsa. Ke nan da makulli aka buɗe, kuma wanda ya buɗe ya san kwaɗon na da tauri. Ku nuna wannan na daƙiƙa biyu ku wuce, kar wani ya yi magana a kai. Ƙa'idar ita ce, an yarda ku karkatar da hankalin mai kallo, ba a yarda ku ɓoye masa hujja ba. Mai laifin da ba a taɓa gani ba sai a sin ɗin ƙarshe, wannan ha'inci ne.

Daga kai zuwa takarda

A tsarin rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a kallo. Shafi biyu ke nan gare ku. Ga yadda za a iya kasa daƙiƙa 120 ɗin:

Daƙiƙa 15 na farko: allo baƙi, carar zakara, ƙarar babur daga nesa, sannan ɗauka daga nesa ta nuna siton da dutse a bayansa.

Daƙiƙa 30: ƙafafun manomi, hannunsa a kan kwaɗo, ƙofa ta buɗe, fuskarsa. Ba a nuna abin da ya gani ba tukuna.

Daƙiƙa 15: cikin siton, gurbin buhuna biyar a ƙasa.

Daƙiƙa 45: mutum ukun nan suna isowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da zai sa a zarge shi.

Daƙiƙa 15 na ƙarshe: manomi ya laluba aljihu ya fito da makulli, ya dubi ɗansa. Sunan fim ya fito.

Kun lura magana ba ta da yawa. Finafinanmu sun gaji wasan kwaikwayon dandali da na talabijin. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, daga 'yan wasan kwaikwayo ya fito. Shi ya sa muka saba da a zauna a falo a bayyana komai da baki. Fim ɗin bincike bai son haka. In jarumi ya ce, "Wallahi ina zargin mai gadi," ya ƙwace wa mai kallo aikinsa. Gani ya kori ji.

Bayan rubutu, ku zana kowace ɗauka a ɗan akwati, ko da zanen 'yan firamare ne, ku sa mata lamba, ku rubuta daga nesa ce, tsaka-tsaki ko daf da fuska. Ɗauka 20 zuwa 25 ta wadatar. Malami na duba wannan takarda kamar yadda yake duba fim ɗin, don ita ke nuna da gangan kuka yi, ba dace ba ne.

Ku je wurin tun kafin ranar

Ku ziyarci lokeshan a daidai lokacin da za ku yi ɗauka, ku tsaya shiru minti biyar kuna saurare. Akwai injin niƙa kusa? Janareta fa? Ƙarfe nawa 'yan makaranta ke wucewa? Mai kallo zai yafe hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba ya yafe sautin da ba ya ji. Ku ware waya ta biyu don sauti kawai, a kusa da bakin mai magana, a tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don a samu wurin haɗawa lokacin tacewa. Ku kuma naɗi shirun wurin na minti ɗaya, zai toshe muku giɓi.

Hasken da ya fi kyau shi ne na fitowar rana zuwa hantsi, da na bayan la'asar. Ranar tsaka tana cika kwarmin ido da inuwa. Dare kuwa, waya ba ta iya masa. Gara asuba ta waye kaɗan. Hazon hunturu na Disamba da Janairu kyauta ce, yana ba duwatsu wani irin kwarjini da ba a saye da kuɗi.

A kwantar da waya, kar a tsayar da ita kamar ta TikTok. A kulle haske don kar ya riƙa sauyawa. In wayar ta yarda, a sa ta kan hoto 25 a daƙiƙa, domin lantarkinmu na juyawa sau 50 a daƙiƙa, in ba su daidaita ba sai ƙwan fitila ya riƙa ƙyafta ido a hoton. In mutum biyu na magana, ku ja layi a ƙasa tsakaninsu, kyamara ta tsaya ɓangare ɗaya. Da ta tsallaka, sai a ga kamar dukansu gabas suke kallo.

Izini da tsaro

Wannan ba abin wasa ba ne. Ku karɓi takarda daga sashe, ku kai wa mai unguwa ko dagaci, ku yi wa mai wurin bayani, ku gaya wa maƙwabta fim ake yi. Kada a kuskura a yi ihun "ɓarawo!" a kasuwa ko tasha don neman sin mai zafi, kafin ku ce wasa ne an illata ɗan ajinku. Bindigar roba da kakin 'yan sanda, a bar su. Kada a ɗauki matan gida ko yara ba da yardar masu gida ba. In kuma aikin zai wuce aji ya shiga kasuwa ko YouTube, ku tuna Kano na da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, sai ku tuntuɓi malaminku kan ƙa'idojinta. Kiɗan wani fim ma kar ku ɗauko. Ƙarar ƙofar langa-langa da iska sun fi tayar da tsikar jiki.

Rabon aiki da gwaji

Mutum biyar, aiki biyar: darakta, mai kyamara, mai sauti, mai tacewa, da mai lura da kaya, wanda zai tabbatar hular da ke kan jarumi a ɗauka ta 4 tana nan a ta 5. A fim ɗin bincike wannan ba ƙaramin aiki ba ne, don mai kallo duk abin da ya sauya alama yake ɗaukarsa. Ku ware rana ɗaya ta ɗauka, ɗaya ta gyaran abin da ya lalace, uku na tacewa a CapCut ko DaVinci Resolve.

Kafin ku miƙa, ku samu mutum uku a hostel da ba su san labarin ba, ku kunna musu, ku yi shiru. Da ya ƙare ku tambaye su me ya faru, wa suke zargi. In suka ce ba su gane ba, ku koma kan tacewa. In duk suka canki mai laifi, alamarku ta yi yawa. In kuwa gardama ta kaure a tsakaninsu, ɗaya ya ce, "To, ina ci gaban?", ku kai wa malam aikinsa.