Sunayen Bindigogi da Rundunonin Musamman na Sojan Ingila

Duk mai sauraron labaran duniya ba ya rasa jin an ambaci SAS, ko kuwa ya ga an rubuta L85A3 a ƙarƙashin hoton wani sojan Ingila. Mutane da yawa sukan ɗauka haruffa ne kawai aka jera. Ba haka ba ne, kowane harafi da dalilinsa, sai dai sunan bindiga gaskiya yake faɗa, sunan runduna kuwa wani lokaci don ruɗin abokan gaba aka raɗa shi.

Bari mu fara da bindiga. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Ingila yana riƙe da bindiga mai suna Lee-Enfield, wadda ta ci sunan James Lee da ya ƙirƙiro ta, da na garin Enfield inda ake ƙera ta. Harsashi 10 take ci, kuma in ka harba ɗaya sai ka ja ƙarfe da hannu kafin na biyu ya hau. Ita ce kakanninmu suka rataya sa'ad da aka kai su yaƙin Bama. Bayan yaƙi sai aka shigo da sabon tsarin suna. Harafin L yana nufin kayan sojan ƙasa ne, lambar da ke biye ta nuna irin makamin, sa'an nan A da lambarta su nuna karo na nawa ke nan da aka yi masa gyara. A 1954 aka karɓi L1A1, bindigar da asalinta daga Beljiyam ne, mai cin harsashi 20. A 1985 kuma L85A1 ta gaje ta.

Wannan L85 ta sha zagi. An sa gidan harsashinta a bayan kunama, kusa da kafaɗa, don ta gajarce ba tare da an rage tsawon bututunta ba. Dabara ce mai kyau, amma a Yaƙin Gulf na 1991 yashi ya riƙa shiga cikinta tana cijewa. Sai da kamfanin Heckler & Koch ya sake mata kayan ciki a farkon shekarun 2000 ta zama L85A2, a 2018 kuma aka fito da L85A3. Ka ga ke nan wanda ya iya karanta sunan ya san sau biyu aka yi mata babban gyara. Ita ce ake ba yawancin sojoji.

Amma akwai aibin da gyara bai raba ta da shi ba. Ta dama take tofar da kwanson harsashi, daidai kumatun mai harbi, saboda haka ba a iya ɗora ta a kafaɗar hagu. Sojan da aikinsa shi ne kutsawa cikin ɗaki ya ceto waɗanda aka yi garkuwa da su dole ya iya leƙa kusurwa ta kowane gefe. Wannan na cikin dalilan da suka sa rundunonin musamman suka fi son L119, bindigar da ake ƙerawa a Kanada bisa tsarin M16 ta Amurka, ga ta kuma ba ta kai L85 nauyi ba. Watau ba girma ko muƙami ake dubawa a ba soja bindiga ba, aikin da zai yi ake dubawa.

To, mu komo kan SAS, gajarcewar Special Air Service, abin da za mu ce rundunar musamman ta sama. Mai jin sunan zai zaci matuƙa jirgin sama ne, alhali kuwa sojan ƙasa ne. A 1941, ana tsakiyar yaƙi a hamadar Arewacin Afirka, wani hafsa mai suna Dudley Clarke ya ƙaga wata birged ta sojojin laima wadda babu ita sai a takarda, don Jamusawa da Italiyawa su tsorata. Da David Stirling ya tara mutanensa kimanin 60, sai aka kira su L Detachment na wannan birged ta ƙarya. Harafin L a nan ba ya nufin ƙasa kamar na bindiga. Amfaninsa shi ne ɗan leƙen asiri ya ɗauka akwai wasu ɓangarori tun daga A har zuwa K. Dirar laima ta farko da suka yi a Nuwamba 1941 ta zo da asara ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka komo. Daga nan suka koma shiga mota su ratsa hamada, su ƙone jiragen abokan gaba a filin sauka, amma sunan ya zauna.

Takwararta ta ruwa, SBS, ta fara a 1940 da 'yan ƙananan kwale-kwale. Ma'anar harafin ƙarshe na sunanta ta sha canjawa: da fari sashe, daga baya ƙungiya, sai a 1987 ta zama Special Boat Service. Da yake duk kalmomin uku da S suke farawa a Turanci, gajarcewar waɗannan sunaye uku ɗaya ce.

Har cikin gidan SAS ma sunaye na da labari. Babbar rundunarsu, 22 SAS, da ke zaune kusa da garin Hereford, tana da ƙungiyoyi huɗu: A, B, D da G. Mai lura zai tambaya, ina C? An bar wannan harafi ne don tunawa da sojojin Rodeshiya, ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, waɗanda suka riƙe shi a yaƙin dajin Malaya a farkon shekarun 1950. G kuwa daga sunan dogaran sarauta aka ɗauko ta, don daga cikinsu aka fara ɗibar mutanenta. Kuma kofur ko saje da ya ci jarrabawar shiga yakan ajiye igiyarsa ya koma farabiti, sai dai a can ba farabiti ake ce masa ba, ana kiransa da sunan da ake kiran sojan doki, ko da yake ba ya da doki.