Famfon Sola Ya Rage Ƙarfi? A Duba Maganaɗisun

Da zarar bazara ta kama a fadamun Guri da Haɗeja, sai ƙorafi ya tashi: famfon sola ya rage turo ruwa. Wasu su zargi farantin sola, wasu su kai a sake naɗa wayar motar. A yi kashe-kashen kuɗi, ruwan bai ƙaru ba.

Da yawa daga cikin waɗannan famfuna maganaɗisu ne ke juya motarsu, kuma mafi ƙarfinsa shi ne wanda Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka suka bayyana a 1984. Tsarinsa a ƙirge yake: ƙwayar zarra 2 ta neyodimiyam, 14 ta baƙin ƙarfe, 1 ta boron. Kowace ƙwayar ƙarfe ƙaramin maganaɗisu ce, amma ƙarfinsu ba ya bayyana sai sun fuskanci gefe guda, kamar sahun sallah. Ƙarfe ne ke cika sahu, neyodimiyam ke riƙe alƙibla. Zafi kuwa girgiza ƙwayoyin yake yi har su fara waiwaye.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa idan maganaɗisun ya huce zai dawo daidai. A wajen digiri 312 ne maganaɗisun yake mutuwa gaba ɗaya, amma mai arha tun daga wajen digiri 80 yake fara asarar da sanyi ba ya mayarwa, sai an sa shi a na'urar da ke sake cusa masa ƙarfi. Famfon da ake zurawa a rijiya ruwa ne ke sanyaya shi. A Afrilu ruwa ya ja baya, mai gona ya tafi cin kasuwa, famfo na ta juyi a bushe, ka taɓa jikinsa ka janye hannu.

Maganaɗisu mai jure zafi wani sinadari ne mai suna disfurosiyam ake ƙara masa, shi ya sa yake tsada. Sin ce ke ƙera kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan maganaɗisu, kuma a Afrilun 2025 ta tsaurara fitar da disfurosiyam. Masu raba wa manoma famfo ana ɗaukar hoto ba kasafai suke faɗin wane iri suka sayo ba, balle su haɗa da ɗan makunnin da ke kashe mota idan ruwa ya yi ƙasa.